Inda ya dace ka sayi igiyar da za ta riƙe ƙanenka

Tambaya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina koyon hawan dutse a bangon atisaye na cikin ɗaki da kayan haya, yanzu kuma ni da ƙanena mun yanke shawarar fara fita dutsen gaske tare da wani da ya fi mu ƙwarewa. Babu shagon kayan hawa kusa da mu, saboda haka dole sai ta intanet. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, igiya da ɗamara (wadda mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi) da karabina (zoben ƙarfe mai ƙofa da ake saƙala igiya a ciki) masu suna ɗaya da hoto ɗaya, sai in ga wani wuri yana sayar da su kusan rabin kuɗin da wani yake sayarwa. Kuɗina ba su da yawa, kuma wani abokina ya yi mini tayin ɗamararsa ta hannu. Ba na son a cuce ni, ba na kuma son in ɗaura ƙanena a igiyar da ban yarda da ita ba. Ta yaya zan gane shagon da zan amince da shi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta zo da damuwa biyu, ta aljihu da ta rai, kuma za ka sami sauƙinsu idan ka ɗauki jerin kayan da kake son saye ka kasa shi gida biyu tun kafin ka buɗe shafin kowane shago. Kashi na farko shi ne duk abin da rayuwar mutum za ta dogara da shi idan ƙafa ta zame ko dutse ya ɓalle daga sama, wato igiya, ɗamara, karabina, birkin igiya (na'urar da abokin hawa ke tsayar da igiya da ita idan mutum ya faɗo), madaurai da hular kwano. Kashi na biyu shi ne abin da idan ya lalace iyakarsa ka yi asarar kuɗi ko ka ji haushi, kamar jakar alli da allin kansa, buroshi, jakar goyo, tufafi, shimfiɗar igiya, har da takalmi. A kashi na biyu ka nemi araha duk inda ka same ta, ba ni da ta cewa. A kashi na farko kuwa tambaya guda ce za ka yi wa kowane shago: shin ana iya bin sawun wannan kaya daga hannunka har zuwa masana'antar da ta ƙera shi ba tare da an sami giɓi a tsakani ba? Shagon da ya kasa amsa wannan ba naka ba ne, ko da kyauta zai ba ka.

Dalilin da ya sa na tsananta a nan shi ne ido ba ya ganin ƙarfin ƙarfe ko na zare. Karabinar da aka saba amfani da ita dole ta jure kilonyutan 20 a tsawonta idan ƙofarta na rufe, wanda ya kai kusan nauyin tan 2, sannan kilonyutan 7 a faɗinta, da 6 ko 7 idan ƙofar na buɗe, gwargwadon nau'inta. Igiyar da ake hawa da ita ita kaɗai ana gwada ta ne da nauyin kilo 80 da ake sakowa daga sama, dole ta riƙe aƙalla faɗuwa 5 a jere, kuma fizgar da za ta kai ga jikin mai faɗuwa a karon farko kada ta wuce kilonyutan 12. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ka iya tabbatarwa a ɗakinka, domin gwajin da zai nuna maka gaskiyar kayan shi ne gwajin da zai hallaka su. Idan ka rataya a jikin karabinar jabu ka yi lilo, za ta ɗauke ka lafiya lau, kuma za ta ci gaba da ɗaukar ka har ranar da aka yi faɗuwa ta gaske. Saboda haka abin da kake biya wa kuɗi a shagon kirki shi ne tabbacin cewa wannan kayan da ke hannunka ya fito daga layin da aka gwada.

Hanya mafi sauƙi ta samun wannan tabbaci ita ce ka faro daga bayan fage, wato daga kamfanin da ya ƙera kayan. Manyan kamfanoni irin su Petzl da Beal na Faransa, Edelrid na Jamus, Mammut na Suwizalan, Black Diamond na Amurka, Camp na Italiya da DMM na Birtaniya duk suna da shafukansu, inda yawanci za ka tarar da jerin dilolin da suka amince da su ko masu rarraba kayansu a kowace ƙasa, wasunsu ma suna sayarwa kai tsaye. Idan shagon da kake dubawa yana cikin jerin, ka warware rabin matsalarka. Idan ba ya ciki, ka aika wa kamfanin ko mai rarraba kayansa gajeren saƙo ka tambaya ko sun san shi, domin irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Akwai kuma shagunan da suka daɗe suna wannan sana'a har sunansu ya zama jari a gare su, irin su REI na Amurka, wanda aka kafa a Seattle a 1938 a matsayin ƙungiyar gama-kai ta masu hawa, da Bergfreunde na Jamus, da Barrabes na Sifaniya, da Decathlon na Faransa, wanda ya mallaki kamfanin Simond na garin Chamonix da ke Faransa. Na ambace su ne don ka ga irin shagon da nake nufi, ba don in ce lallai a can za ka saya ba, tunda ba kowannensu ke aika kaya kowace ƙasa ba, kuma wasu kamfanoni suna hana dilolinsu sayarwa ƙetaren yankin da aka ba su.

Inda na fi tsammanin ka ga rabin kuɗin nan shi ne a manyan kasuwannin intanet irin su Amazon, eBay, AliExpress ko Temu, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sunan kasuwar da ke saman shafi ba shi ne mai sayar maka da kayan ba a mafi yawan lokuta. Kasuwar rumfa ce kawai take bayarwa, masu kasa kaya a cikinta kuwa dubbai ne, da nagari da mugu, kuma shafin kaya guda yana iya ɗaukar masu sayarwa da dama waɗanda duk hoto ɗaya da sharhi ɗaya suke amfani da shi. Ka nemi ƙaramin rubutun da ke nuna wane ne mai sayarwa da kuma wane ne mai aikawa, ka danna sunan, ka ga me kuma yake sayarwa. Wanda yake sayar da igiyar hawa tare da murfin waya da fitilar lambu da kayan wasan yara bai san inda igiyar ta kwana ba, kuma ba zai iya gaya maka ba ko ka tambaye shi. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, a wasu ɗakunan ajiya ana haɗa kaya iri ɗaya na masu sayarwa daban-daban a wuri guda, ta yadda kana iya biyan mutumin kirki a aiko maka da na wani. A kan haka shawarata ita ce kada ka sayi komai na kashi na farko a irin waɗannan kasuwanni, sai fa idan kamfanin da kansa ne yake da rumfar kuma shafinsa na asali ya tabbatar da hakan.

Kada ka ɗauka ana tsoratar da kai da abin da bai taɓa faruwa ba. A 2011 kamfanin Petzl ya fitar da gargaɗi cewa an gano jabun kayansa guda huɗu a kasuwa, wato karabinar Attache, da na'urorin hawan igiya na Croll da Ascension, da kurar igiya (ƙaramar tayar da igiya ke gudu a kanta) ta Rescue. An kwaikwayi siffarsu da launinsu da tambarinsu da rubuce-rubucen jikinsu ta yadda da wuya mai saye ya bambance su da na gaske, amma da aka gwada su sai suka gaza kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Wannan yana nuna maka iyakar amfanin tambari, domin wanda ya iya kwaikwayon ƙarfe ba zai kasa kwaikwayon haruffan tambari ba.

Duk da haka dole ka iya karanta tambarin, saboda rashinsa hujja ce mai ƙarfi ko da samunsa bai isa hujja ba. Ka ɗauki karabina ta gaske a wurin da kake atisaye ka juya bayanta. Za ka ga alamar kN, wato kilonyutan, sai lamba kusa da kibiya mai nuna tsawo, wata kusa da kibiya mai nuna faɗi, wata kuma kusa da ɗan zanen karabina mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Za ka ga haruffan CE, wato alamar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, tare da lambobi huɗu a gefensu, kuma waɗannan lambobin suna nuna hukumar da ke sa ido a kan yadda ake ƙera kayan, misali 0082 na Apave ce ta Faransa, 0123 kuma na TÜV SÜD ce ta Jamus. Kayan kariya daga faɗuwa suna rukuni mafi tsanani a dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/425, shi ya sa CE tsura ba lambobi a jikin karabina ko ɗamara ko igiya abin tuhuma ne, ko da yake hular kwano tana wani rukunin daban kuma ba lallai ta ɗauki lambobin ba. Sannan kowane irin kaya yana da ma'auninsa na Turai mai farawa da EN: EN 892 na igiyar hawa mai talewa, EN 12277 na ɗamara, EN 12275 na karabina, EN 566 na ɗinkakkun madaurai, EN 12492 na hular kwano, EN 15151 na birkin igiya. Dokar nan ta kuma wajabta wa kamfani ya haɗa kayan da takardar shaidar cika ƙa'ida ko ya ba da adireshin da za a same ta. Ban da wannan akwai tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya da aka kafa a Chamonix a 1932 wadda ofishinta yake birnin Bern na Suwizalan, kuma tana da rumbun bayanai a shafinta inda za ka rubuta sunan kamfani ka ga kayansa da suka sami tambarin. Neman tambarin UIAA ganin dama ne ga kamfani, don haka rashinsa kaɗai bai sa kaya ya zama jabu ba, amma wanda ya buga shi a hoto alhali ba ya cikin rumbun ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Akwai wani tarkon da ya fi jabu yawa, kuma shi ne kayan da ba na ƙarya ba ne amma ba na wannan aikin ba ne. Igiya iri biyu ce. Akwai mai talewa, wadda take miƙewa ta shanye ƙarfin faɗuwa, ita ce EN 892. Akwai kuma marar talewa sosai, EN 1891, wadda ake amfani da ita wajen shiga kogo da aikin ceto da aiki a jikin dogayen gine-gine, kuma miƙewarta ba ta wuce kashi 5 cikin 100 a gwaji. Idan mai hawa a gaba, wanda yake saƙala igiya yana tafiya sama, ya faɗo a kan irin wannan ta biyun, igiyar tana iya ƙin tsinkewa, amma fizgar za ta tafi ne kai tsaye zuwa ƙugunsa da bayansa da maƙalan da ke jikin dutse. Masu sayarwa da yawa a manyan kasuwanni suna kiran kowace igiya mai kauri igiyar hawa, kamar yadda suke kiran hular keke ko ta masu gini hular hawa, ga kuma ƙananan karabinonin rataya makulli waɗanda aka rubuta a jikinsu da ƙananan haruffa cewa ba na hawa ba ne. Shagon da ya san aikinsa zai rubuta maka kaurin igiya da milimita, da nauyinta a kowace mita, da yawan faɗuwar da ta riƙe a gwaji, da ƙarfin fizgarta, da kuma nau'inta: lamba 1 a cikin da'ira ga wadda ake amfani da ita ita kaɗai, alamar ½ ga wadda ake haɗawa biyu ana saƙala su daban-daban, da'ira biyu a sarƙe ga tagwayen da ake saƙalawa tare. Kai mai lamba 1 kake bukata. Shafin da ya cika da kalmomin yabo da hotunan mutane a kan tsauni amma babu waɗannan bayanai, ka rufe shi.

Wannan ba yana nufin kowane rangwame yaudara ne ba, kuma tunda kuɗinka ba su da yawa ya kamata ka san inda rangwamen gaskiya yake fitowa. Kamfanoni suna sauya launi ko siffar kaya lokaci zuwa lokaci, shaguna kuma sukan karya farashin tsohon samfuri don su sami wurin sabo, haka nan sukan yi ragi a ƙarshen kakar hawa, ko su haɗa ɗamara da birki da karabina da jakar alli a ƙunshi ɗaya mai sauƙin kuɗi. Karabinar bara da ta bana ƙarfinsu ɗaya, kuma kayan ƙarfe ba su da wa'adin tsufa muddin ba su ci ba, ba su tsage ba, ƙofarsu kuma tana rufewa daidai. Kayan zare da na roba su ne suke da wa'adi. Petzl, alal misali, ya ƙayyade shekara 10 daga ranar ƙerawa a matsayin iyakar rayuwar irin waɗannan kayan nasa ko da ba a taɓa amfani da su ba, sauran kamfanoni ma kowanne yana da nasa wa'adin a takardar da ke zuwa da kayan. Don haka ɗamarar da ta yi shekaru a kan kanta tana iya zama ta gaske kuma sabuwa fil, amma an riga an ci wani ɓangare na rayuwarta. Kafin ka biya, ka rubuta wa shagon ka tambaye su shekarar da aka ƙera wadda za su aiko maka. Wannan tambayar tana yi maka aiki biyu, domin ban da amsar da za ka samu, za ka ga irin mutanen da ke bayan shafin. Shagon masu hawa zai aika wani ya duba lakabin ya ba ka shekara, ɗan kasuwar da bai san kayan ba kuwa zai amsa maka da cewa kayansa duk masu inganci ne.

Rangwamen da ya kamata ya tsayar da kai shi ne wanda ya shafi komai a shago lokaci ɗaya, kowane kaya da kowane girma yana nan, farashi ya faɗi ƙasa warwas, ga agogo a gefe yana ƙirga mintunan da suka rage. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai shafukan bogi da ake ginawa da sunan fitattun kamfanoni, a kwashe hotunansu da tambarinsu, a ƙara wata kalma a adireshin, kuma wanda ya biya ko dai ba zai ga komai ba ko a aiko masa da tarkace. Ka karanta adireshin harafi bayan harafi, ka nemi cikakken sunan kamfanin da adireshin ofishinsa da lambar wayar da ake ɗauka, ka kuma duba shekarun shafin ta hanyar binciken WHOIS, wanda kyauta ne. Shagon da yake iƙirarin ya shekara 20 yana ciniki alhali an yi wa shafinsa rajista wata biyu da suka wuce ya gama yi maka bayani. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi yana nuna cewa an ɓoye bayanan da kake aikawa daga idon wasu ne kawai, bai ce komai a kan amanar mai shagon ba. Wajen biya kuma ka yi amfani da hanyar da ke ba ka damar ƙalubalantar ciniki idan kaya bai zo ba, kamar katin banki ko PayPal, ka guji tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum. Sharhin masu saye yana da amfani wajen sanin ko shago yana aika kaya a kan lokaci da yadda yake yi idan an sami matsala, amma taurari biyar a kan igiya ba su nuna komai ba face cewa ta iso kuma launinta ya yi kyau.

Ka karanta ƙa'idar mayar da kaya da kyau, domin a wannan fannin abin da kake so ya kasu biyu masu karo da juna. Ga takalmi kana son shago mai sauƙin musanya, saboda girman takalmin hawa ba ya bin na takalmin yau da kullum, lamba ɗaya a La Sportiva ba lallai ta yi daidai da ita a Scarpa ba, kuma ko a kamfani ɗaya samfuri yana bambanta da samfuri. Na fata marar shafi a ciki yana buɗewa sosai bayan an sa shi, na roba kuwa kaɗan yake buɗewa. Idan da hali ka gwada irin wanda kake so a wurin atisaye ko a ƙafar abokin hawa kafin ka yi oda, ka kuma san wanda zai biya kuɗin mayarwa. Mai saye a cikin Tarayyar Turai yana da kwana 14 na fasa cinikin da ya yi daga nesa, amma a wasu wuraren ƙa'idar shagon ce kaɗai za ta yi aiki. Ga igiya da ɗamara da sauran kayan rai kuwa, shaguna da yawa ba sa karɓar su idan an buɗe ko an yi amfani da su, kuma wannan tsaurin alheri ne a gare ka, domin shagon da yake karɓar igiyar da ta kwana a gidan wani ya mayar da ita kan kanta, wata rana kai zai sayar wa. Abin da wannan yake ɗora maka shi ne ka auna ƙugunka da cinyarka da kan ka da tef, kai da ƙanenka kowa nasa, ku gwada da jadawalin kamfanin kafin ku biya. Ɗamara tana zama ne a saman ƙashin ƙugu, kuma idan an ɗaure ta bai kamata a iya jan ta ƙasa ta wuce shi ba.

Akwai wata fa'idar sayen kaya a wurin dila na gaskiya da ba a cika tunawa da ita ba sai an shiga matsala. Kamfanonin kirki ma suna yin kuskure, bambancinsu da sauran shi ne suna shelantawa su janye kayan. A 2011 Petzl ya janye birkin GriGri 2 na farko-farko saboda hannunsa yana iya maƙalewa a buɗe idan an matsa masa da ƙarfi, kuma an gane waɗanda abin ya shafa ne ta lambobi biyar na farkon lambar kayan, daga 10326 zuwa 11136, wato daga rana ta 326 ta 2010 zuwa rana ta 136 ta 2011. A 2016 Black Diamond ma ya nemi masu karabinoni da madauransa su duba su saboda kuskuren ƙira da aka gano a wasu. Wanda yake da rasit da lambar kaya a irin wannan hali zai duba ya san matsayinsa a cikin minti biyu, a canja masa idan abin ya shafe shi, kuma shagon kirki yakan aika wa waɗanda suka saya saƙo. Wanda ya saya a hannun ɗan rumfar da ya riga ya rufe ya sauya suna ba shi da wanda zai sanar da shi. UIAA tana wallafa irin waɗannan sanarwar janye kaya a shafinta, kuma yana da kyau ka leƙa kafin saye da kuma lokaci-lokaci bayansa.

Game da ɗamarar abokinka, amsata ita ce ka yi masa godiya ka bar masa abarsa. Ba zargin sa nake yi ba, domin yana iya rantsewa cewa lafiyarta ƙalau kuma gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Matsalar ita ce nailan yana lalacewa ta hanyoyin da mai shi ma ba ya gani. Ruwan batirin mota, ko tururinsa a but ɗin da aka ajiye jaka, yana cinye ƙarfin zaren ba tare da ya bar tabon da ido zai kama ba, rana kuma tana gasa shi a hankali. Ko lalacewar da ake gani ma sabo yakan sa mutum ya raina ta. Todd Skinner, ɗaya daga cikin fitattun masu hawan Amurka, ya rasu a watan Oktoba na 2006 a dutsen Leaning Tower da ke Yosemite a Amurka lokacin da zoben gaban ɗamararsa, wanda ya riga ya ci sosai, ya tsinke yana saukowa a kan igiya. Ɗamara tana cikin kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba idan aka gwada da igiya, saboda haka ba nan ne wurin tsimi ba. Idan abokin yana da takalmi ko jakar alli ko jakar goyo da yake son rabuwa da su, ka karɓa hannu biyu.

Kafin ka danna biya, ka haɗa kuɗin kaya da na aikawa da harajin kwastan idan daga wata ƙasa zai zo, ka kuma duba ko shagon ya riga ya karɓi harajin ko sai kayan sun iso za a nema a hannunka, domin sau da yawa arahar da aka gani a farko a nan take narkewa. Ya fi sauƙi ku haɗa odarku wuri ɗaya kai da ƙanenka. Ku fara da abin da kowa dole ya mallaki nasa, wato ɗamara da hular kwano da takalmi, sai birki da karabina mai kulle. Igiya kuwa kada ka saye ta sai ka tambayi wanda zai fita da ku tsawon hanyoyin da za ku hau, saboda mai saukowa daga sama yana bukatar igiyar da ta ninka tsawon hanyar sau biyu har da rara, kuma wannan ne zai raba maka tsakanin mita 60 da 70 da 80. Mai kaurin milimita 9.5 zuwa 10 ta fi dacewa da mai koyo don ta fi jure gurzar dutse kuma ta fi sauƙin riƙewa, amma ka tabbatar kaurin yana cikin iyakar da aka rubuta a jikin birkin da ka zaɓa. Mai yiwuwa ma a fitowar farko igiyarsa da tagwayen karabinoninsa (masu haɗa igiya da maƙalan jikin dutse) za ku yi amfani da su, wanda zai ba ka lokacin tara kuɗi.

Ranar da kayan suka iso, kada ka yar da kwali da takardu sai ka gama dubawa. Kowane kayan kariya yana zuwa da takardar bayani mai harsuna da yawa, kuma rashinta dalili ne na mayar da shi. Ka gwada lambar da ke jikin kaya da tsarin lambobin da kamfanin ya bayyana a shafinsa, ka nemo shekarar ƙerawa a lakabin ɗamara da cikin hular kwano da kuma a bakin igiya, inda za ka ga ɗan tef mai ɗauke da tsawonta da nau'inta. Ka buɗe ƙofar kowace karabina ka sake ta, ta koma da kanta ta zauna daidai a bakinta ba tare da jan ƙafa ba. Ka bi ɗinkin ɗamara da ido, musamman a zoben gaba da wuraren ɗaura igiya. Sannan ka warware igiyar ka ja ta cikin tafin hannunka daga wannan baki zuwa wancan, kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, domin ƙarfinta yana cikin zaren ciki ne da rigar waje ta rufe, kuma yatsa ne yake jin wurin da ya yi laushi ko ya kumbura ko ya lotsa. Ka ɗauki hoton lambobin da rasit ka adana su wuri ɗaya, ka rubuta ranar da aka fara amfani da kowane kaya. Idan wani abu bai kwanta maka a rai ba, ka aika wa kamfanin da ya ƙera hotunan ka jira amsarsa, kuma kafin ranar fita ka kai kayan gaba ɗaya wurin wanda zai jagorance ku ya duba su da idonsa.